Me ya sa yunwa ke dawowa da hantsi bayan koko da burodi?

Kawuna tela ne a Alabar, nan cikin Kumasi. Shekara da shekaru ba kasafai karin kumallonsa ke sauyawa ba. In an sallame asuba sai ya biya wurin mai koko, a cika masa babban kofi, a zuba sukari cokali uku, ya haɗa da burodi mai zaƙi. Nan take yakan ji garau, ya buɗe shago ya zauna kan keken ɗinki. Amma da hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe goma, sai jiki ya mutu. Hamma ta zo, hannu ya soma ɗan rawa har zura zare a allura ya zama aiki, rai ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga nan sai a aiki yaron shago ya sayo fanke da lemon kwalba.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci ya ce da ni, "Ɗana, kai da kake karance-karance, warware mini wannan. Ranar da na ci waakye da safe, har a kira azahar ban tuna da abinci ba. Ranar koko da burodi kuwa, kafin goma yunwa ta kama ni kamar wanda ya kwana bai ci ba. Alhali duka biyun cikina cika yake yi."

Na ce, "Kawu, ba kwaɗayi ba ne, ba kuma tsufa ba. A cikin jini dalilin yake."

Dalilin nake so in shimfiɗa a nan, domin ba shi kaɗai ba ne. Ka zaga Aboabo da Asawase da Sabon Zango da sassafe, ka ga abin da ’yan makaranta da direbobin faragiya da masu zuwa aiki Suame Magazine ke karyawa da shi, za ka san gidaje nawa wannan magana ta shafa.

Akwai wani kuskure da ya zauna mana a kai, shi ya kamata a fara kawarwa. In aka ce sukari, hankalinmu na tafiya ga farin nan da ake zubawa a shayi. Shi ya sa za ka ji mai ciwon sukari na rantsuwa cewa ya shekara bai lasa ko ƙwaya ba, ga shi kuma kullum gwaji na nuna sama. Bai yi ƙarya ba. Abin da ba a gaya masa ba shi ne tuwon da ke gabansa ma sukari yake komawa. Masara, gero, dawa, shinkafa, rogo, doya, agade, alkama, duk abin da in ba mu ci ba mukan ce yau ba mu ci komai ba, jikinsa sitaci ne. Sitaci kuwa ƙwayoyin sukari ne da aka jera a zare kamar carbi, sunan kowace ƙwaya gulukos. Muddin suna jere harshe ba ya jin zaƙinsu. Da zarar loma ta shiga baki, yawu zai fara tsinka zaren, ƙaramin hanji ya ƙarasa, ƙwayoyin su watse su ratsa cikin jini. Wanda ke shakka ya tauna lomar shinkafa ba miya, ya daɗe bai haɗiye ba. Zai ji ta soma zaƙi.

Masana abinci sun haɗa abu uku a ƙarƙashin suna guda, kabohaidiret: sukari, da sitaci, da na ukun da suke kira fiba, wato irin su dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye. Biyun farko su ke ɗaga sukarin jini. Na ukun hanjinmu ba ya iya narka shi, aikinsa rage wa sauran gudu. Kuma shi ne muka fi saurin tacewa mu zubar wa awaki.

Ga wani lissafi da ya girgiza ni ranar da na fara saninsa. Jinin da ke jikin babban mutum kimanin lita 5 ne, kuma duk sukarin da ke yawo a cikinsa kafin a karya bai wuce gram 4 zuwa 5 ba. Cokalin shayi guda ke nan. Dafaffiyar farar shinkafa gram 100 tana ɗauke da kimanin gram 28 na sitaci, tulin da ake zuba wa magidanci kuwa yakan kai gram 300. Ke nan faranti guda na aika wa jini kusan ninki ashirin na abin da ya saba ɗauka. Da za a bar shi ya taru a wurin, da mutum bai kai labari ba.

Abin da ke hana haka wata ’yar gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas. Da ta ji sukari ya soma hawa sai ta saki sinadarin insulin. Ka ɗauki jini a matsayin tashar Kejetia da safe, fasinja na kwararowa ta kowace kafa. Insulin shi ne ɗan kamashon da ke loda su a mota don fili ya samu. Wasu ya tura su hanta, wadda ke iya ajiye kimanin gram 100. Mafi yawa ya tura su tsoka, wadda ke ɗaukar kimanin gram 400 a jikin babban mutum. In waɗannan rumbuna sun cika, kuma ana ta cin fiye da abin da jiki ke ƙonawa, rarar na komawa kitse. Yana kuma ba da umarni biyu a lokaci guda: hanta ta daina sakin nata sukarin, ma'ajiyar kitse ta rufe ƙofa. Can bayan wasu awoyi, in abinci ya ƙare a hanji, wani sinadarin mai suna gulukagon zai buɗe rumbun hanta a riƙa tsiyayo wa jini kaɗan-kaɗan. Da wannan muke kwana, da shi muke azumi.

Jiki ba ya wasa da wannan ma'auni saboda ƙwaƙwalwa. Ita kaɗai tana cin kimanin gram 120 na gulukos a rana, kuma ba ta da rumbun kanta. Abin da jini ya kawo mata a wannan minti shi ne abincinta. Don haka in ta ji sukari na gangarowa da sauri, sai ta tayar da hankalin jiki gaba ɗaya.

To, mu koma kofin kawuna, mu bi shi tun daga tukunya. Ana jiƙa gero, a niƙa shi da citta da kanumfari da barkono, a tace, a fitar da dusa, a bar ƙullun ya kwana ya yi tsami, sannan a dama da tafasasshen ruwa. Kowane mataki a nan aikin da haƙori da tumbi za su yi ne aka riga aka yi musu. Tsamin yana ɗan taimakawa wajen rage gudu, wannan gaskiya ne, amma sai a bi shi da sukari cokali uku. Abu mai ruwa kuma ba ya daɗewa a tumbi kamar abin taunawa. Burodin da ke gefe na farar fulawa ne da aka cire wa dusa tun a masana'anta, aka ƙara masa sukari. Babu wake, babu ƙwai, babu ganye, babu abin da zai tare hanya. Cikin abin da bai kai awa guda ba sukari ya haye sama, insulin ya fito da yawa don ya tare shi, ya yi ta loda har bayan fasinja sun ƙare. Awa biyu zuwa uku da cin abinci, sukarin wasu mutane kan sauka ƙasa da inda yake tun kafin su karya. Ga mai lafiya ba kasafai yake kai wa matakin haɗari ba, amma ya isa ƙwaƙwalwa ta ji a jikinta. Kasalar nan, da hamma, da ɗan rawar hannu, da marmarin abu mai zaƙi, galibi daga nan suke. Wutar kara ke nan: ta tashi bal-bal, ka juya ka tarar da toka.

Wannan ba zancen baka ba ne kawai. A 1999 wani likita a Boston ta Amurka, David Ludwig, ya gwada matasa maza 12 masu ƙiba. Ya ba su karin kumallo da abincin rana iri uku a ranaku daban-daban, ƙarfin kalori ɗaya (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), bambancin kawai saurin da kowanne ke ɗaga sukari. Daga nan aka bar su su ci abin da suke so. Ranar da suka ci mai saurin ɗagawa, abin da suka ci daga baya ya fi na ranar mai jinkirin da kashi 81 cikin 100. Mutum 12 ba su da yawa, na sani. Amma a 2021 masu bincike a Ingila da Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mutum sama da dubu ɗaya da aka maƙala wa na'urar auna sukari dare da rana. Suka tarar hawan sukarin bai kai saukarsa nuna wanda zai ji yunwa ba. Waɗanda nasu ke faɗuwa sosai awa biyu zuwa uku bayan karin kumallo sun fi saurin komawa ga abinci, kuma a wuni sukan ci kimanin kalori 300 fiye da waɗanda nasu ke sauka a hankali. Kalori 300 a rana, a tara shi shekara, ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu waakye. Sunan ma namu ne, wake da shinkafa ne bakin mutanen kudu ya gajarta, kuma a ganina yana cikin abinci mafi hikima da Zango ya ba ƙasar nan. Shinkafar cikinsa sitaci ce mai gudu, babu musu. Amma wake ya rungume ta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, wato abin gina jiki, ga fiba mai yawa, kuma sitacinsa a kulle yake cikin ƙananan ɗakunan da hanji ke shan wahalar fasawa. In aka ɗora ƙwai ko kifi ko nama, da ɗan mai na miya, tumbi zai riƙa sakin abincin kaɗan-kaɗan. Sukari ya hau a hankali, insulin ya fito daidai gwargwado, saukar ma ta zo a hankali. Wutar gawayi ce wannan, ba ta da harshe amma tana kai tukunya. Har an lura cewa wanda ya ci dangin wake da safe, abincin ranarsa ma ba ya ɗaga masa sukari kamar yadda zai ɗaga in da burodi ya karya.

Sai dai a nan ne nake da ƙorafi, kuma da mu nake. Ka tsaya a layin mai waakye ka saurara. "Hajiya, a sa gari. A ƙara taliya. Akwai soyayyen agade?" Garin rogo kusan kashi 80 cikin 100 sitaci ne. Taliya alkama ce. Nunannen agade sitacinsa ya riga ya fara komawa sukari tun yana kan tebur. Sitaci huɗu ke nan a ganye guda, waken kuwa, tun da ya yi tsada, sai ka ƙirga shi da ido. Ba na zargin mai saye, domin gari da taliya su ne hanya mafi araha ta cika ganye, ƙwai guda kuwa kuɗi ne. Ba na zargin Hajiya, ita ma da lissafin kasuwa take kwana. Amma ya kamata mu san cewa abin da ke sa waakye riƙe ciki shi ne ainihin abin da ke raguwa a cikinsa.

Masana sun yi ƙoƙarin sa wa wannan gudu lamba. A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fito da ma'aunin saurin ɗaga sukari. Ana ba mutum abincin da ke ɗauke da gram 50 na sitaci ko sukari, a yi ta auna jininsa na awa biyu, a kwatanta da gulukos zalla, wanda aka ba maki 100. Abin da ya samu 55 zuwa ƙasa mai jinkiri ne, 70 zuwa sama mai gudu ne. Nan gida ma an gwada namu. Masu bincike a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda muke kira Tek, sun wallafa a 2017 abin da suka samu bayan gwada mutum 10 masu lafiya: dokunun Ga ya samu 41, fufun da aka daka a turmi 55, tuwon zafi 68, banku 73.

Na ga mutane sun ɗauki waɗannan lambobi suna cewa ashe fufu ba ya da laifi. A yi hattara. Na farko, mutum 10 ne. Na biyu, kuma shi ne babba, ma'aunin gudu yake aunawa, ba ya auna yawa. Ɗan curin da ke ɗauke da gram 50 na sitaci bai kai rabin abin da ake ajiye wa mutum a kwanon gidan abinci ranar Lahadi ba. Mota mai tafiya a hankali in ta ɗauko buhu ɗari, buhu ɗari za ta sauke. Kankana kuwa akasin haka ce: lambarta a sama take, amma kusan duk jikinta ruwa ne, yanka guda sukarinsa kaɗan ne. Shi ya sa daga baya aka ƙaro wani lissafin da ke haɗa gudu da yawa. Na uku, babu mai cin tuwon zafi gaya. Da miyar ayoyo ko kuɓewa ko kuka ake ci, kuma miya mai yauƙi da ganye da nama tana sauya lissafin. Na huɗu, jiki ya bambanta. A 2015 an bi mutum 800 a Isra'ila da na'urar auna sukari, aka ga abinci iri ɗaya na ɗaga wa wani sosai, wani kuwa da ƙyar ya motsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai na'urar gwaji a gida zai iya auna kansa kafin ci da awa biyu bayan ci, ya san wane abinci ne nasa.

Zan yi wa mai karatu rashin adalci in na bar shi da tunanin cewa yunwa duk sukarin jini ce. Yanzu a intanet akwai masu wa'azin cewa sitaci guba ne, a bar tuwo a koma nama da mai, wai insulin ne tushen kowace ƙiba. Ban yarda da su ba, kuma ga dalilina. Yunwa tana da majiyoyi da yawa. Tumbi in ya zama wayam yana sakin wani sinadari mai suna girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, shi ke kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, kuma yana bin agogon da ka saba cin abinci. Tumbi in ya buɗe da nauyin abinci, jijiya na kai saƙon ƙoshi. Hanji ma na da nasa saƙon, musamman in furotin da mai da fiba sun iso shi, kuma ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni ne allurar Ozempic, maganin ciwon sukari da ake ta magana a kai, ke kwaikwayo. Rashin barci na ƙara yunwa, ya kuma sa sukari ya fi hawa washegari. Mai gadin dare da direban da ke kwana a hanyar Tamale sun san wannan a jikinsu.

A 1995 wata mai bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, Susanna Holt, ta gwada abinci iri 38 don ganin wanne ya fi riƙe ciki in kalorinsu ɗaya. Farin burodi ta ba maki 100. Wanda ya zo na ɗaya, da maki 323, dafaffen dankalin Turawa ne, abincin da ke cikin masu saurin ɗaga sukari. Dalili shi ne yana da ruwa da nauyi, yana cika tumbi da kalori kaɗan. A 2021 kuma Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya kwantar da mutum 20, ya ba su mako biyu na abinci mai yawan sitaci daga tsirrai da ƙarancin mai, da mako biyu na abinci mai yawan mai da nama da ƙarancin sitaci, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin sitacin, duk da sukarinsu da insulin sun fi hawa, sun ci kusan kalori 700 ƙasa da na makonnin man a kowace rana. Don haka dafaffiyar doya da miyar ganyen gwaza ba ɗaya take da burodi da lemon kwalba ba, ko da duka sunansu sitaci. Bambancin yana ga yadda aka sarrafa abin, da yawansa, da abin da ya raka shi.

Kakanninmu da suka zo da fataucin goro da shanu daga Kano da Sakkwato da Salaga tuwo suka ci, ba kaɗan ba kuwa. Amma a ƙafa suka zo, hatsinsu a turmi aka surfa, ba a san lemon kwalba ba. Tsoka mai aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin kaɗan ne. Mu kuwa mun gaji kwanon, mun bar tafiyar. In aka shekara ana cika rumbun da ba a kwashewa, kitse ya taru a ciki da hanta, sai tsoka da hanta su soma yi wa insulin kunnen ƙashi. Fankiriyas ta ƙara yawan wanda take saki, ta yi ta ƙarawa, wata rana ta gaza. Nan ne ciwon sukari nau'i na biyu ke bayyana, bayan ya shafe shekaru yana tafe ba a sani ba. Gado ma na da hannu a ciki, shi ya sa za ka ga siriri ya kamu.

Wani babban bincike mai suna RODAM, da aka wallafa a 2016, ya kwatanta ’yan Gana mazauna ƙauyukan Asante da mazauna Kumasi da Obuwasi da kuma waɗanda ke Turai. A ƙauye, maza kashi 3.6 cikin 100 ne ke da ciwon, mata kashi 5.5. A birni ya zama 10.3 ga maza, 9.2 ga mata. A Balin ta Jamus, na maza ya haura 15. Jini ɗaya, zama daban. Baligi ɗaya cikin goma a garin nan ke nan, kuma da yawansu ba su san suna da shi ba sai ƙafa ta ƙi warkewa ko ido ya soma hazo.

Abin sha ba ya buƙatar dogon bayani, shi ne mafi gudu a cikinsu duka, kuma ba ya ƙosarwa. Kwalbar lemo ƙarama tana ɗauke da kimanin gram 30 na sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 zai fi kyau sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin gram 25 a wuni, cokalin shayi shida. Gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai sukari a 2023, amma harajin bai san zoɓo da lamurje da burkina da ake haɗawa a gida ba, kuma wanda ya taɓa tsayawa ana zuba musu sukari ya san ba da cokali ake yi ba. Zuma ma, duk da albarkarta, sukari ce a wurin jini.

Abin da na gaya wa kawuna bai kai a rubuta a takarda ba. Ban ce ya bar koko ba, don na san ba zai bari ba, kuma babu dalilin bari. Na ce a mayar da sukarin cokali ɗaya, burodi ya ba ƙosai wuri, tunda ƙosai wake ne, ko a watsa gyaɗa a kai. Wanda ya fara haɗa koko da ƙosai ya san abin da yake yi. A waakye ya zaɓi ɗaya tsakanin gari da taliya, kuɗin ɗayan ya tafi ga ƙwai. Da dare a rage curin tuwo a ƙara miya, ya fara da ganye da nama kafin ya kai ga tuwon, domin an gwada an ga jerin da ake ci da shi na rage hawan sukari. In ya gama, ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa don isha'i. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan abinci tana aiki fiye da yadda ake zato. Man suya kuwa a kula da shi: yana rage wa sukari gudu, amma gram guda nasa kalori 9 ne, na sitaci 4.

Da azumi abin ya fi fitowa fili. Wanda ya yi sahur da shayi da burodi, da wanda ya yi da tuwo da miya ko wake, kafin azahar kowa ya san matsayinsa. Da buɗa-baki kuma mukan jera dabino da koko da masa da pinkaso da lamurje a kan cikin da ya wuni wayam, sannan mu yi mamakin nauyin jiki a tarawihi. Ga wanda ke shan maganin ciwon sukari ko yake allurar insulin, a nan maganata ta tsaya, ta likita ta fara. Rage tuwo ko ɗaukar azumi ba tare da an daidaita magani ba na iya kayar da sukari ƙasa da 3.9 a ma'aunin na'urar gwajin jini, kuma wannan saukar ba irin ta kawuna ba ce, tana sumar da mutum, tana kisa. Gumi mai sanyi, makyarkyata, ruɗewar magana: a ba shi abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya, in ba ya iyawa a nufi asibiti. A je a ga likita tun watan Sha'aban.

Wata biyu ke nan da hirarmu. Ran nan na biya ta Alabar da safe na tarar da shi gaban mai koko yana cewa, "Mma, cokali ɗaya ya isa, a ba ni ƙosai." Ya ce yanzu yakan kai azahar a kan keke, yaron shago ma ya huta da aike. Na yi murna, amma ban sake ba, domin jin daɗin jiki ba gwaji ba ne, kuma mahaifiyarsa, kakata, da wannan ciwo ta rasu. Digon jini guda ake ɗauka a yatsa, a asibitin Komfo Anokye ko ƙaramin asibitin unguwa ko kantin magani. Mai lafiya kafin ya karya yakan nuna tsakanin 4 da 5.5. In ya kai 7, aka maimaita wata rana ya sake kaiwa, ciwon ne. Abin da ke tsakani gargaɗi ne, kuma a wannan matakin ana iya juyawa.

Ya ce sai ya gama ɗinkin bikin da ke gabansa. Na ce, "Kawu, Litinin." Zan je in same shi a ƙofar masallaci da an sallame, kafin ya kai ga mai koko, domin gwajin sai da cikin da ba a karya ba.